Barcin da Ke Shiga ta Huhu: Maganin Shaƙa a Sashen Kulawa ta Musamman

Majiyyacin da ciwo ya kai shi matsayin da ba ya iya numfashi da kansa, ko dai saboda namoniya mai tsanani, ko haɗarin mota, ko gubar ƙwayoyin cuta da ta bazu a cikin jini, ko kuwa bayan wata babbar tiyata, akan kwantar da shi a sashen kulawa ta musamman, wato ɗakin da asibiti ke keɓe wa waɗanda ke rai kwakwai mutu kwakwai. A can ne ake zura masa bututun roba ta baki har cikin maƙogwaro, a haɗa bututun da na'urar numfashi, wadda ke hura masa iska mai haɗe da oksijin a huhu sannan ta bar ta ta fito, dare da rana, har zuwa lokacin da jikinsa zai iya karɓar aikin. Sai dai jikin ɗan Adam ba ya lamuntar wannan bututu cikin sauƙi, domin maƙogwaro yana ta ƙoƙarin tunkuɗo shi waje, tari yana sarƙe majiyyaci, tsoro yana kama shi saboda ba shi da halin yin magana, hannunsa kuma yana kaiwa baki domin ya fizge abin da ke riƙe da ransa. Wannan ne ya sa kusan duk wanda aka ɗora a kan na'urar numfashi sai an haɗa masa da magani iri biyu, na kashe zafin ciwo irin su mofin da fentanil, da kuma na kwantarwa. Abin da ake nufi da kwantarwa a nan shi ne rage farkawar mutum daidai gwargwadon buƙata, tun daga natsuwa da gyangyaɗi har zuwa barci mai nauyi, kuma ta bambanta da barcin tiyata ta fuska biyu: a mafi yawan lokuta ba ta kai shi zurfi ba, amma ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, tun da tiyata sa'o'i take ɗauka, zaman wannan sashe kuwa yakan kai kwanaki ko makonni.

Shi kansa sashen ba tsohon abu ba ne a tarihin likitanci, domin ana danganta asalinsa da annobar shan-inna da ta afka wa birnin Kwafanhagan na ƙasar Danmak a 1952, lokacin da likitan sa barci Bjørn Ibsen ya nuna cewa za a iya ceto waɗanda cutar ta hana numfashi ta hanyar huda maƙogwaro a hura musu iska, aka kuwa tara ɗaruruwan ɗaliban likitanci suna matsa jakar roba da hannu, wasu su tashi wasu su karɓa. Bayan injina sun maye gurbin hannun ɗalibai, magungunan kwantarwar da suka mamaye fagen duk ta jijiya ake ba da su, ana ɗura su a hankali da ƙaramin famfon lantarki mai tura sirinji, kuma uku ne suka fi shahara a yau. Midazolam, ɗan gidan su diyazafam, sai hanta ta sarrafa shi ƙoda kuma ta fitar da abin da ya rage, alhali hanta da ƙoda suna cikin gaɓoɓin da suka fi saurin raunana a jikin mai ciwo mai tsanani; saboda haka maganin yakan taru a jiki, musamman a cikin kitse, har a tsayar da shi majiyyaci ya ƙi farkawa sai bayan kwana ɗaya ko fiye, kuma an daɗe da gano alaƙarsa da ruɗewar hankali, wato yanayin da majiyyaci ke rasa sanin inda yake, yana ganin abin da babu, yana fizge-fizge. Furofofol, wani farin ruwa mai maiƙo da aka fito da shi kasuwa a Birtaniya a 1986, ya fi saurin sakin mutum, amma yana saukar da ƙarfin bugun jini, yana ƙara maiƙo a cikin jinin, kuma idan aka daɗe ana ba da shi da yawa yakan haifar da wata matsala da ba a cika gani ba amma mai kisa, inda asid ke taruwa a jini, tsoka ta lalace, zuciya ta gaza. Na ukun, deksmedetomidin, yana barin majiyyaci cikin natsuwar da ake iya tashinsa daga gare ta da sauƙi, sai dai yana rage saurin bugun zuciya, kuma ba ya isa idan ana buƙatar barci mai nauyi.

An ɗauki shekaru ana ganin cewa jinƙai shi ne a nutsar da majiyyaci cikin barci mai zurfi domin kada ya ji komai ko ya tuna komai, har sai da bincike ya nuna illar hakan. A shekarar 2000 likita John Kress da abokan aikinsa a Jami'ar Shikago ta Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan majiyyata 128, inda suka nuna cewa waɗanda ake tsayar musu da maganin kwantarwa sau ɗaya a kowace rana har su farka sun rabu da na'urar numfashi cikin kimanin kwana biyar, sauran kuwa sun haura kwana bakwai. Kowace rana da aka ƙara a kan na'urar tana zuwa da nata haɗarin, kama daga sabuwar namoniyar da ake kamuwa da ita ta bututun, zuwa zubewar tsoka da gyambon kwanciya. Saboda haka aka samar da ma'aunai na auna zurfin barci, kuma wanda ya fi yaɗuwa shi ne ma'aunin Richmond na 2002, wanda ya taso daga +4, wato majiyyacin da ke faɗa da ma'aikata, ya bi ta sifili, wato mai natsuwa a farke, har zuwa -5. Yadda ake auna shi abu ne da kowa zai iya gani a gefen gado: nas takan tsaya ta kira sunan majiyyaci da ƙarfi ta ce ya buɗe ido ya dube ta, idan ya haɗa ido da ita fiye da daƙiƙa goma ta rubuta -1, idan bai kai haka ba ta rubuta -2, idan motsi kawai ya yi ba tare da haɗa ido ba ta rubuta -3, idan kuwa murya ba ta tashe shi ba sai ta girgiza kafaɗarsa ko ta murza ƙashin ƙirjinsa, wanda ya motsa yana -4, wanda ko gezau bai yi ba yana -5. Daga nan nagartar maganin kwantarwa ta koma ga tambaya ɗaya, wato ko likita zai iya dawo da majiyyaci hayyacinsa a lokacin da yake so, domin ya duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa ya kuma gwada ko zai iya numfashi da kansa. Wannan tambaya ce ta sa aka sake waiwayar magungunan shaƙa.

Daga ɗakin tiyata zuwa gefen gado

Magungunan shaƙa su ne mafarin sa barci na zamani, tun daga ranar 16 ga Oktoba, 1846, lokacin da William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci tururin sinadarin eta a gaban likitoci a birnin Boston aka yi masa tiyata bai ji zafi ba. Kulorofom ya biyo baya a 1847, halotan ya shigo a 1956, sannan aisofuluren da sebofuluren da desfuluren, waɗanda su ne ake amfani da su a yawancin ɗakunan tiyata na duniya a yau. Dukkansu ruwa ne garau a cikin kwalba, mai saurin zama tururi, kuma kowanne yana da launin da aka ware wa kwalbarsa domin kada a rikita su, shunayya ga aisofuluren, ruwan ɗorawa ga sebofuluren, shuɗi ga desfuluren. Idan tururin ya shiga huhu sai ya ratsa ƙananan jakunkunan iska ya shiga jini, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa, inda yake ƙarfafa saƙonnin da ke lafar da jijiyoyi ya kuma raunana masu zaburar da su. Babban abin da ya bambanta su da magungunan jijiya shi ne hanyar fitarsu, domin ta inda suka shiga ta nan suke fita: da zarar an rufe maganin, kowane numfashi da majiyyaci ya fitar yana tafiya da wani kaso nasa, ba tare da jiran hanta ko ƙoda ba. Abin da jiki ke sarrafawa daga aisofuluren bai wuce kashi 0.2 cikin 100 ba, na desfuluren ma bai kai haka ba, na sebofuluren yakan kai kusan kashi 5, na tsohon halotan kuwa kusan kashi 20, kuma wannan bambanci yana da muhimmancin da zai bayyana a gaba.

Akwai wata fa'ida ta biyu da ba a cika ambata ba, ga shi kuwa ita ce ta fi ba likita ƙarfin gwiwa. Wanda ke ɗura magani ta jijiya ya san adadin da ya zuba amma bai san adadin da ya taru a jiki ba, shi kuwa maganin shaƙa ana iya auna yawansa a cikin iskar ƙarshen kowane numfashi, wadda ke nuna kusan abin da ke cikin jini da ƙwaƙwalwa, lambar kuma tana bayyana a kan allo a kowane lokaci. Likitocin sa barci suna da ma'aunin da suke kira MAC, wato yawan tururin da idan ya kai haka a huhu rabin mutane ba za su motsa ba idan wuƙar tiyata ta taɓa fatarsu, kuma ga aisofuluren wannan adadi kusan kashi 1.2 ne cikin 100 na iskar, ga sebofuluren kuwa kusan kashi 2. Kwantarwa a sashen kulawa ta musamman ba ta buƙatar kaiwa can, galibi sulusi zuwa rabin wannan adadi ya wadatar.

Abin da ya hana wannan hanya yaɗuwa tun da wuri matsala ce ta kayan aiki. Injin sa barci na ɗakin tiyata yana juya iskar da majiyyaci ya fitar, ya tace ta ya mayar masa, don haka maganin ba ya ɓarnatuwa, amma inji ne babba mai buƙatar likitan sa barci a tsaye a kansa, ita kuwa na'urar numfashi ta sashen kulawa ta musamman sabuwar iska take hurawa kowane lokaci tana zubar da tsohuwa, ta yadda duk maganin da aka zuba zai fice ya cika ɗaki. Tun a 1989 wasu likitoci a birnin Bristol na Ingila suka kwatanta aisofuluren da midazolam a kan majiyyata 60 suka ga masu shaƙar sun fi saurin farkawa, amma hanyar ta ci gaba da zama ta tsiraru har sai da aka ƙirƙiro a ƙasar Suwidin wata 'yar na'ura da aka sanya wa suna AnaConDa, wadda kamfanin Sedana Medical ke sayarwa yanzu da sunan Sedaconda.

Na'urar ƙaramin kwanso ne na roba da za a iya riƙewa a tafin hannu, wanda ake maƙalawa tsakanin bututun da ke bakin majiyyaci da tiyon na'urar numfashi. Famfon sirinji irin wanda aka saba da shi yana turo ruwan maganin ta wani siririn tiyo, 'yan mililita kaɗan a sa'a ɗaya, zuwa wani ɗan sanda mai ƙofofi ƙanana a cikin kwanson, inda ruwan ke zama tururi ya bi iska zuwa huhu. A bayan sandan akwai shimfiɗar zaren gawayi na musamman, kuma nan ne hikimar take: idan majiyyaci ya fitar da numfashi zaren yana kama kusan kashi 90 cikin 100 na maganin da ya fito, idan ya ja numfashi na gaba sai zaren ya sakar masa shi, kamar dai yadda mai rawani ke rufe hanci da baki a lokacin hunturu, ƙyallen ya riƙe ɗumi da laimar numfashinsa ya mayar masa da su a shaƙa ta gaba. An yi wa sirinjin baki na daban wanda ba ya shiga allurar jijiya, domin ɗura wannan ruwa a jijiya kuskure ne mai iya kisa, kuma ana sauya kwanson duk bayan sa'a 24. Dole ne a haɗa shi da na'urar auna tururi, da kuma gwangwanin gawayi a mafitar na'urar numfashi wanda zai kama ragowar maganin kafin ya shiga iskar ɗaki. Akwai wata na'urar ta ƙasar Jamus mai suna Mirus da ke aiki bisa wannan dabara, tana kuma daidaita yawan tururin da kanta.

Kwanson yana da nasa aibun, kuma bai kamata a raina shi ba. Duk abin da aka saka tsakanin majiyyaci da na'urar numfashi yana ƙara wurin da tsohuwar iska ke maƙalewa a sake shaƙar ta, sannan zaren gawayin yana mayar da wani ɓangare na iskar kabon dayoksaid, wato dattin da jiki ke son fitarwa. Na'urar farko tana da cikin mililita 100, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga majiyyacin da ake hura wa mililita 400 kacal a kowane numfashi, shi ya sa daga baya aka fito da mai mililita 50. Zafin gari ma yana da tasiri, domin aisofuluren yana tafasa a kusan digiri 48 da rabi, desfuluren kuwa a kusan digiri 23, kuma idan sirinjin ya ɗauki zafi tururi yakan taru a cikinsa ya tura magani fiye da abin da aka saita. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan gargaɗi yana nufin cewa ɗakin da na'urar sanyaya shi ke mutuwa idan an ɗauke wuta ba wurin wannan aiki ba ne.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Gwajin farko da ya ja hankali da wannan na'ura shi ne na Peter Sackey da abokan aikinsa a asibitin Karolinska na Suwidin a 2004, a kan majiyyata 40, inda waɗanda aka ba aisofuluren aka cire musu bututu kimanin minti 10 bayan tsayar da magani, masu midazolam kuwa sai bayan kimanin sa'a huɗu a matsakaici. Bambancin yana da girma, amma an yi shi ne da maganin da aka riga aka san yana da nawar saki, don haka ainihin gwaji shi ne karawa da furofofol. An yi wannan a asibitocin Jamus da Sulobeniya ƙarƙashin jagorancin Andreas Meiser, aka raba majiyyata 301 gida biyu ta hanyar ƙuri'a domin kada zaɓin likita ya karkatar da sakamako, aka kwantar da su har zuwa sa'a 54, aka wallafa sakamakon a mujallar The Lancet Respiratory Medicine a 2021. Magungunan biyu sun riƙe majiyyata a zurfin barcin da ake so kusan kashi 91 cikin 100 na lokaci, wato aisofuluren bai gaza furofofol ba, kuma masu shaƙar sun buƙaci maganin kashe zafi ƙasa da na ɗaya gidan da kusan kashi 29, sun fi yawan jan numfashi da kansu a ranar farko, a rana ta biyu kuma sun farka cikin kimanin minti 20 inda sauran suka ɗauki 30. Bisa wannan ne ƙasashen Turai da dama suka yi wa aisofuluren rajistar kwantar da manyan majiyyata a 2021, hukumar NICE ta Ingila ma ta amince da na'urar a farkon 2022. Kafin nan likitocin da ke amfani da shi, musamman a Jamus, suna yi ne a wajen abin da aka yi wa maganin rajista, wato bisa nazarinsu da alhakinsu.

Annobar korona ta ƙara tura lamarin gaba, domin masu cutar da suka kai ga na'urar numfashi sun riƙa buƙatar maganin kwantarwa mai yawan gaske na tsawon makonni, har furofofol da midazolam suka yi ƙaranci a ƙasashe da dama. A watan Afrilun 2021 rahotanni daga Barazil sun bayyana yadda aka riƙa ɗaure majiyyata a gado da bututu a maƙogwaronsu saboda maganin ya ƙare, abin da ya isa ya nuna cewa samun hanya ta biyu lamari ne na rahama ga mai jinya. Akwai kuma majiyyatan da aka daɗe da sanin maganin shaƙa yana yi musu amfani na musamman: mai asma da hanyoyin iskarsa suka tsuke har duk magungunan da aka saba suka gaza, domin tururin yana sakin tsokar da ke kewaye da waɗannan hanyoyi, mai farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa, da wanda jikinsa ya saba da ƙwayoyi ko barasa har magungunan jijiya suka daina kama shi.

Babban buri kuwa ya ta'allaƙa ne ga masu mummunan kumburin huhu, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da ARDS, inda jakunkunan iska ke cika da ruwa har oksijin ya kasa ratsawa. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna cewa sebofuluren yana rage kumburi, kuma a 2017 Matthieu Jabaudon na birnin Clermont-Ferrand a Faransa ya wallafa wani ƙaramin gwaji a kan majiyyata 50 inda oksijin ɗin jinin masu shaƙar sebofuluren ya fi na masu midazolam. Shi da kansa ya jagoranci babban gwajin da ya biyo baya mai suna SESAR, a sassan kulawa ta musamman 37 na Faransa tsakanin 2020 da 2023, a kan majiyyata 687, aka kwatanta sebofuluren da furofofol har na tsawon kwana bakwai. Sakamakon da mujallar JAMA ta wallafa a 2025 ya zo akasin abin da ake fata, domin bayan kwana 90 kashi 47 cikin 100 ne suka rayu a cikin masu sebofuluren, a gidan furofofol kuwa kusan kashi 56, kuma masu shaƙar sun fi daɗewa a kan na'urar numfashi sun kuma fi samun raunin ƙoda.

Wannan sakamako ya cancanci a tsaya a kansa da kyau, kuma ya kamata a yaba wa waɗanda suka gwada ra'ayin da suke ƙauna suka bayyana abin da suka gani ba tare da ɓoyewa ba, domin da an tsaya ga gwajin mutum 50 da an ci gaba da ba dubban majiyyata maganin da ke ƙara musu haɗari bisa kyakkyawar niyya. Masana sun kawo dalilai da dama da za su iya bayyana abin da ya faru. Ɗaya shi ne wancan kashi 5 da jiki ke sarrafawa daga sebofuluren, wanda ke sakin sinadarin fuloraid a jini, kuma tun kafin gwajin an sami rahotannin majiyyatan da suka kwana da yawa a kansa ƙodarsu ta daina riƙe ruwa suna ta zubar da fitsari fiye da kima. Wani dalilin shi ne tsohuwar iskar da ke maƙalewa a kwanson, wadda ke tilasta wa likita ya ƙara yawan hurawa a huhun da ya riga ya raunana. Ba daidai ba ne a ɗauki hukuncin sebofuluren a kan masu kumburin huhu a shafa wa aisofuluren a kan kowane majiyyaci, tun da maganin daban ne, majiyyatan daban, tsawon lokacin ma daban. Haka kuma ba daidai ba ne a ce aisofuluren ya kuɓuta, domin gwajin da ya ba shi rajista kwana biyu da 'yan sa'o'i ya ɗauka, kuma an tsara shi ne domin auna zurfin barci, ba yawan masu rayuwa ba. Matsayin da hujja ta kai shi ne cewa aisofuluren zaɓi ne mai kyau ga zaɓaɓɓun majiyyata na ɗan lokaci, sebofuluren kuwa a guje shi ga masu mummunan kumburin huhu.

Ma'aikatan da ke wuni a gefen gadon ma suna da haƙƙi a cikin lissafin, domin su ne ke shaƙar duk abin da ya tsere, kuma aune-aunen da aka yi sun nuna cewa tururin ɗaki yana zama ƙasa da iyakar da hukumomi suka gindaya matuƙar gwangwanin gawayi yana aiki kuma iskar ɗakin tana sauyawa. Waɗannan sinadarai kuma suna cikin masu ɗumama duniya: a tsawon shekara 100 desfuluren ya ninka kabon dayoksaid kusan sau 2,500, aisofuluren kusan sau 500, sebofuluren ƙasa da sau 200, abin da ya sa Sikotilan ta daina amfani da desfuluren a asibitocinta a 2023.

Inda kayan aiki suka yi ƙaranci

Aisofuluren ba baƙo ba ne a Afirka, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma likitocin sa barci a manyan asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano da na Shika da ke Zariya da na Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato sun san shi a ɗakin tiyata. Amma kai shi gefen gado yana buƙatar kwanson da ake shigowa da shi daga waje a kuma jefar kullum, da na'urar auna tururi ga kowane gado, da wutar da ba ta yankewa, da nas mai horo wadda ba a raba hankalinta tsakanin majiyyata da yawa ba, kuma a inda iyali ke biyan kuɗin jinya daga aljihunsu kowane ɗayan waɗannan nauyi ne a wuyansu. Wani bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a 2025, wanda ya duba majiyyata kusan 20,000 a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, ya gano cewa ɗaya cikin takwas na waɗanda ke kwance yana cikin mawuyacin hali, ɗaya cikin biyar na waɗannan ya rasu cikin mako guda, kuma kusan kashi 69 cikin 100 na masu mawuyacin halin a ɗakunan kwanciya na gama-gari suke. Asibitin da ke cikin wannan yanayi zai fi ceton rayuka idan ya fara da oksijin da ƙarin ruwa da sa ido a kan majiyyaci a kai a kai, a sashen kulawa ta musamman kuma ya dage da auna zurfin barci da tashin majiyyaci kullum, waɗanda ba sa cin ko kwabo. Duk da haka akwai gurbin da maganin shaƙa zai iya cikewa ko a yau, kamar mai asmar da ta gagari komai, wanda za a iya ɗora shi a kan injin ɗakin tiyata na ɗan lokaci ƙarƙashin kulawar likitan sa barci, irin yadda asibitoci da dama a duniya suka mayar da waɗannan injina na'urorin numfashi a lokacin korona.

Akwai majiyyatan da ake taka-tsantsan da su ko da kayan aiki sun cika, kamar wanda ƙwaƙwalwarsa ta kumbura bayan rauni a ka, domin tururin yana buɗe hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa ya ƙara matsi a cikin ƙoƙon kai, da wanda bugun jininsa ya riga ya faɗi ƙasa sosai. Haɗari mafi girma shi ne wata cuta ta gado da ba a cika gani ba, wadda za a iya kira mugun zazzaɓin maganin barci, inda tururin ke sa tsokar jiki ta ƙanƙame ta shiga ƙona ƙarfi ba ƙaƙƙautawa, kabon dayoksaid ya hau, zuciya ta yi gudu, zafin jiki ya wuce misali, fitsari ya yi duhu. Likita Michael Denborough ne ya bayyana ta a birnin Melbon na Ostareliya a 1960, bayan wani saurayi da ya karye a ƙafa ya shaida wa likitoci cewa mutum goma a danginsu sun mutu a sanadin barcin tiyata. Kafin a sami maganinta mai suna dantirolin a ƙarshen shekarun 1970 yawancin waɗanda ta kama ba sa tashi, yanzu kuwa kaɗan ne ke mutuwa a inda maganin yake a kusa, shi ya sa ƙa'ida ce kada a ba da maganin shaƙa a sashen da dantirolin ba zai samu cikin mintuna ba, ga shi kuwa magani ne mai tsada da asibitoci da yawa a ƙasashe masu tasowa ba sa ajiyewa. Tun da cutar tana bin jini, kuma ɗan wanda ke ɗauke da ita yana da rabin yiwuwar gadonta, tarihin dangi shi ne gwajin da ya fi samuwa, kuma majiyyacin da ke da bututu a baki ba zai iya ba da shi ba. Saboda haka idan an taɓa samun wanda ya shiga tiyata da ƙarfinsa ya rasu da zazzaɓi mai tsanani ba a gane dalili ba, ko akwai mai ciwon lalacewar tsoka na gado a gidan, ya wajaba mai jinya ya faɗa wa likita ko da ba a tambaye shi ba, domin likitan ya bar aisofuluren da 'yan'uwansa ya koma ga furofofol ko midazolam, waɗanda ba sa tayar da cutar.